Injin Maigida da Injin Yaya Tambari

Talata, bayan azahar

Yau ma sun yi. Ina tsakar gida ina dama hura nij jiyo muryar Maigida daga zaure, shina ce ma Yaya Tambari shi mayar mai da injinai. Yaya Tambari wanai na, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma gida ɗaya muke tun ranar da anka kawo ni. Ban taɓa jin ya yi mai magana tsaye ba sai bana.

Sana'arsu ɗaya, lasifika. Biki ko suna ko wa'azi ko taron 'yan siyasa, a zo a ɗauke su da ƙahoni da batir da garmaho. Tare sunka tahi Kano sunka sayo inji biyu, kanti ɗaya, rana ɗaya. Launi ɗaya, nauyi ɗaya. Akwai ɗan ƙarhe mai rubutu da anka liƙa ma kowane ta baya. Ni da kaina na duba da ɗan bokon da niy yi ajin yaƙi da jahilci, baƙi bayan baƙi, ban ga inda sunka rabu ba.

To shi Maigida cewa shike, lokacin da yak kwanta ciwon nan na bazara anka aje injin biyu ɗakin Yaya Tambari, can anka musanya mai. Wai nai garau shike, wanga kau awa mutum ya sa kai cikin tulu shina magana. Yac ce in ba a mayar mai ba, da ruwa ya ɗauke za a ja katanga a raba gidan. Har ya yi magana da magini.

In anka ja ta, rijiya na wajensu, murhu na wajenmu, ɗakin Inna mahaihiyarsu na tsakiya. Ban san ta ina za a bi da Inna ba.

Laraba, da sahe

Atika ɗiyarmu ta durƙusa bayan Maigida tana gaishe shi, tana ta maimaitawa, shina wanke ƙafa. Bai waiwayo ba. Taz zo tana tambayata ko laihi tay yi. Nic ce a'a, babanta tunani ya yi mai yawa, ta riƙa zagayawa ta gabanai.

Asabar, da la'asar

Lami matar Yaya Tambari ta dawo biki Unguwar Rogo, inda Maigida yak kai lasifika. Munka zauna tsintar shinkafa. Tac ce tun da anka kunna injin shike wata tsuwwa, irin mai shiga haƙori. Mata na toshe kunne da mayahi, jinjirai na kuka, har kakar amarya ta aika a ce a rage. Maigida yac ce mi za a rage ga abin da ko hita ba shi yi, yaƙ ƙara murɗawa. Tac ce shina zaune gindin abin shina canza faifai hankali kwance, awa ba shi wurin.

Tad dube ni. Ni kau nid dubi shinkafa. Can tac ce tsakuwa ta yi yawa ga ta bana, nic ce ƙwarai.

Ni da Lami ba mu taɓa faɗa ba. Ita tay yi min wankan jego duk haihuwata. Ta san abin da nis sani, na san ta sani. To ai ba maganar da mace za ta yi ba ta.

Litinin, da hantsi

Yaya Tambari ya kawo Bayaraben nan mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, don a kashe magana. Nit tsaya bayan ƙyauren zaure da tsintsiya a hannu. Bayaraben ya kwance injin biyu ya aza bisa tabarma. Ciki akwai 'yan kwalabe masu yin ja in an kunna. Shina da wani akwati mai allura, shi taɓa nan allurar ta motsa, shi taɓa can ta motsa. Yac ce ƙarhinsu ɗaya, ba wanda yah hi wani, kuma ba abin da yal lalace.

Da nan yat tsaya da mun huta. Sai mutumin akwai son bayani. Wai ko inji biyu sun hito gida ɗaya ba dole su yi murya ɗaya ba. Kwalaben wani sun hi na wani tsufa. Wani ya sha rana ya sha jijjiga bayan jaki, wani na ɗaki. In batir ya yi sanyi murya ta dushe, in waya ta cika tsawo haka nan. Ƙahon da anka rataya ga icce daban da wanda anka jingina ga bango, gidan kwano daban da soro. Rubutun nan na baya, yac ce, ƙarhi kawai shike faɗi, ba shi faɗin daɗi. Daga ƙarshe yac ce sai kuma hannun mai murɗawa. Amma wannan a hankali yaf faɗe shi, kai duƙe, shina ɗaure kayanai.

Maigida yac ce, "To kun ji. Ba ɗaya suke ba."

Yaya Tambari yac ce, "Na'Allah, ba nan yat tsaya ba."

Maigida yaɗ ɗauki injin yash shigo, saura kaɗan shi ture ni da ƙyaure.

Talata, bayan magariba

An yi ruwa sosai. Allah shi ƙaro. Magini ba shi taɓa ƙasa cikin ruwa.

Alhamis, da la'asar

Inna ta gaji. Tac ce tun suna ƙanana ita ka raba su bisa akushin tuwo, a kawo abin ta ji da kunnenta. Ga yadda tat tsara: mu mata mu zauna tsakar gida, ita da ni da Lami, su suna zaure. Ƙaho ɗaya, batir ɗaya, faifai ɗaya na goge. Yaya Tambari shi fara, Maigida shi biyo, sannan su musanya inji su sake.

Yaya Tambari yak kunna. Lahiya lau, ana jin gogen, ana jin ƙwaryar da ka bi nai, har Inna na kaɗa ƙafa. Maigida yak kunna, kaji sunka watse. Sunka musanya. Yaya Tambari da injin da yak kori kaji ɗazu, daɗi ƙwarai. Maigida da injin da Inna tak kaɗa ma ƙafa, sai da nis sa yatsu ga kunne. Ba injin ba na. Duk wanda yat taɓa haka shike yi.

Sunka shigo sunka tsaya gaban Inna. Maigida na kallon bakinta, haka shike kallon bakin mutane yanzu. Tad daɗe tana duba nai. Sannan tac ce ita kunnenta ya tsufa, duk ɗaya taj ji. Lami tac ce ita hankalinta na ga tukunya. Maigida yaj juyo wajena.

"Ke hwa, Mariyatu?"

Gaban wanai, gaban uwatai. Nic ce ni ban san kan inji ba.

Yac ce ya gane, baki munka haɗa.

Na ƙona miya. Haka nan kowa ya ci.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Yaya Tambari ya ɗauko injinai da kai, ya kawo har ƙofar ɗakinmu ya aje. Yac ce ga shi, shi riƙe wanda shike so, ko duka biyun, a bar maganar katanga don Inna. Kara ce yay yi mai irin ta babba. Ni har na fara hamdala cikin raina.

Maigida yay yi dariya. "Da ba nawa ba na, da ka kawo?"

Yaya Tambari yat tsaya kaɗan, yaj juya yat tahi, ya manta takalmanai bakin ƙofa. Lami taz zo taɗ ɗauka, ba ta shigo ba. Shi kau yaz zauna shina goge injin da bakin riga, shina ce min in gani, kunya ta kama mutum ya mayar da abin da yaɗ ɗauka. Rabon da in ga ya yi murna haka tun kahin ciwon.

Lahadi, da yamma

Maigida ya kai injin da Yaya Tambari ya ba shi wajen suna gidan wani mahauci. Ya dawo tun kahin la'asar, jaki na biye da kaya. Sun ce shi kwashe. Yac ce Yaya Tambari ya taɓa wani abu ciki kahin shi kawo mai. Bai ci tuwo ba.

Litinin, da azahar

An kafa zana. Maigida da kanai yah haƙa ramukan, daga bangon zaure har bangon baya, yac ce ta tsaya kahin magini. Mu ya huda muna 'yar ƙofa ta lungu. Ƙofar ɗakin Inna ta faɗa wajensu, tagarta wajenmu. Da sahe yanzu ta taga zan gaishe ta.

Ruwa kau Lami ka jawowa ta miƙo min bokiti ta bisa zana. Rabi shi zube mata ga hannu. Tac ce gara ni, an raba ni da guga. Munka yi dariya, sai kuma munka bari.

Laraba, da hantsi

Akuyar Lami ta ci gindin zana ta shigo, ta kwanta inda tas saba kwanciya. Na bar ta.

Alhamis, bayan la'asar

Kowa maganar mulkin kai shike. Saura mako guda da 'yan kwanaki. Atika ta zo da 'yar tuta kore da fari daga makaranta, da waƙar da ake koya musu, ta ishe mu da ita. Za a yi taro hilin makarantar, kuma tun watan jiya mai unguwa yac ce su biyun za su kai lasifika, don hilin na da girma, inji ɗaya ba shi isa.

Yau Lami tag gaya min ta cikin zana, mai unguwa ya kira Yaya Tambari a ɓoye yac ce shi zo shi kaɗai, ko a nemo wani daga waje. Za a yi manyan baƙi, ba a son tsuwwa. Yaya Tambari yac ce ko su biyu ko ba shi zuwa. Tac ce ba a gaya ma Maigida ba, kada in gaya mai.

Kowa na da abin da bai gaya ma Maigida ba. Mai unguwa, Inna, Bayarabe, mahauci. Duk gari na tausaya mai, shi kau shina ganin duk gari ya juya mai baya. Shekaranjiya yac ce min mutane sun lalace, ba mai buɗe baki shi yi magana sai ƙunƙuni.

Asabar, da sahe

Ba a yi ruwa ba tun Talata. Sama wasai.

Lahadi, da azahar

Magini ya zo ya auna da igiya. Yac ce damina ta tahi, Alhamis za shi kawo ƙasa. Ya tambayi Maigida inda za a bi da ɗakin Inna, yac ce a bi yadda zana tab bi. Inna na jin su ta taga. Ta ja labule.

Na yi salla na daɗe zaune. Iyayena ba su koya min faɗa ma miji abin da yar rasa ba. In ka ga mutum da aibi ka kau da kai, haka munka tashi. To mun kau da kai duk gidan, ga inda anka zo.

Litinin, da hantsi

Na faɗa mai.

Na bari sai da Atika tat tahi makaranta. Shina zaune ƙofar ɗaki ya kwance injin, shina goge 'yan kwalaben ɗaya-ɗaya da tsumma. Na shirya maganar tun jiya, a hankali, ni da shi, ba wanda za shi ji. Nid durƙusa kusa nic ce, Maigida, injin lahiya lau shike, kunnenka na.

Yac ce, "Mi?"

Nis sake.

Yac ce in buɗe baki in yi magana, ni ma na koyi ƙunƙunin.

Zana ga ta nan, ko taku biyu babu. Lami na daka bayanta. Na duba hagu na duba dama, ba yadda zan yi. Niɗ ɗaga murya, irin wadda nike kiran Atika daga lungu.

"Kunnenka na. Tun alluran da anka yi maka lokacin ciwon bazara ba ka ji sosai. Kai ka murɗa shi har shi yi tsuwwa, kuma tsuwwar ba ka jin ta. Ba wanda yam musanya maka komi."

Taɓaryar Lami tat tsaya. Har gidan maƙwabta anka yi tsit, na ji mai wankin kwanoni ta bari.

Ya aje kwalbar bisa tsumma a hankali, don kada ta gangara. Yac ce tun yaushe. Nic ce tun da yat tashi. Yac ce Inna ta sani? Nig gyaɗa kai. Yaya hwa? Nig gyaɗa kai. Yad dubi zana ya daɗe. Yas sa hula yah hita ta lungu.



Litinin, bayan magariba

Ya dawo. Ya ci abinci. Bai dube ni ba.

Talata, da azahar

Bai yi min magana ba. Inna tak kira ni ta taga, na ɗauka faɗa za ta yi. Tam miƙo min goro rabi, tac ce muryata ta hi ta lasifika. Shi ke nan abin da tac ce.

Ban yi nadama ba. Da dai ba gaban duk unguwa ba. Ban yi nadama ba.

Laraba, da la'asar

Ya tahi asibiti tun da sahe, bai ce za shi ba, ga hannunai nig ga 'yar kwalbar maganin ɗigawa ga kunne. Bai faɗi abin da anka ce mai ba, ban tambaya ba. Ya shiga ɗaki ya haɗa injin, ya kunna ƙasa-ƙasa, ya aza tahin hannu cikin ƙahon. Shina murɗawa kaɗan, shi tsaya, shi mayar. Ya daɗe haka. Atika ta so ta shiga nih hana ta.

Alhamis, da hantsi

Magini ya zo da jakuna. Maigida yah hita sunka tsaya, ban ji abin da sunka ce ba. An jibge ƙasar ƙofar gida, magini ya tahi. Bai ce a fara ba, bai ce a kwashe ba. Lami ta tambaye ni ta zana, nic ce ni ma abin da nig gani ke nan.

Juma'a, bayan la'asar

Gobe na taron. Tun sahe Yaya Tambari na zaune zaure bai haɗa kaya ba, mai unguwa ya aiko har ya gaji.

Ina tankaɗe nig ga Maigida ya hito da injin a kafaɗa. Na ɗauka lungu za shi bi. Sai ya aje shi, yak kama iccen zana na tsakiya yaj jijjiga yat tumɓuke, yat ture zanar gehe, yaɗ ɗauki injin yaw wuce. Lami na wanke ma yaro baki, ta miƙe da shi a hannu.

Na bi har bayan ƙyaure, ban ji kunya ba. Ya durƙusa gaban wanai.

"Yaya, kai ka riƙe murɗawa, duka biyun. Ni in hau icce in ja waya."

Yaya Tambari yad duƙo daidai huskatai, da ƙarhi, yac ce, "Ɗauko wayar nan mai tsawo, tana ƙarƙashin gadona. Ka san wurin."

Sun tahi da jaki biyu. Inna ta hito ta inda anka tumɓuke iccen taz zauna bakin murhuna, tac ce miyar Lami ba gishiri tun da anka kafa abin nan. Lami tac ce tana ji.

Asabar, da yamma

An yi. Mu muna gida, ni da Inna da Lami, tabarma ɗaya. Daga nan ake jin komi: karatun liman, jawabin manya, ganguna, waƙar 'yan makaranta. Na ce na tsinci muryar Atika ciki, Lami tac ce ƙarya nike, yara sun hi ɗari. Muryar na zuwa ta gabas tana zuwa ta yamma, ba tsuwwa ko kaɗan. Inna tac ce to wanne na wa, munka saurara, ba wadda tag gane.

An ce yanzu mu ka mulkin kanmu. Allah shi sa alheri. Gero dai bai sauko ba.

Lahadi, bayan azahar

Da sahe su biyun sunka naɗe zanar sunka cike ramukan. Yaya Tambari na magana da ƙarhi, Maigida na amsawa, rabi daidai rabi ba daidai ba, ba wanda yag gyara mai. An aika ma magini shi zo shi yi yaɓen bangon waje da ƙasar.

Ni dai har lokacin bai ce min kanzil ba, tun Litinin. Nik kai mai hura ɗaki, na aje zan hita, yac ce in dakata. Ƙahwahunai duk ƙujewar icce. Yac ce jiya shina can bisa, shina ganin bakin yara na motsi, ganga kawai ka iso mai. Yac ce daga gida yaya abin yay yi.

Nic ce ya yi daɗi.

Yag girgiza kai, yan nuna min tabarma ta ɗaya gehen.

"Dawo nan. Kunnen dama da sauran kaɗan. In za ki yi min magana ta nan za ki riƙa zama."

Niz zagaya niz zauna. Nif fara mai tun daga karatun liman.